"Ba ciwon asibiti ba ne": maganar da ke cinye mana mutane a Zango

Akwai wata magana da ta fi kowace cuta yawo a lungunan Nima da Mamobi, ta kuma ƙetara har Sabon Zango da Fadama da Madina da Ashaiman. Kalmominta biyar ne kacal. Ana faɗinta da murya ƙasa-ƙasa a bakin ƙofar majinyaci, bayan an yi masa sannu an fito: "Wannan fa ba ciwon asibiti ba ne." Mai faɗin kan kasance gwaggo ce, ko maƙwabciya, ko wani dattijon da ake jin nauyinsa, wani lokaci ma mutumin da zai karɓi kuɗin aikin ne da kansa. Da zarar ta fito, an yanke hukunci ke nan. Katin asibiti ya koma ƙarƙashin katifa, ƙwayoyin da likita ya rubuta su tsaya a rabin kwali, a shiga neman farin zakara da turare da kuɗin mota zuwa wani ƙauye. Bayan wata uku ko huɗu sai a ga tasi ta tsaya a bakin titi da tsakar dare, samari sun ɗauko mutum ranga-ranga ta cikin lungun da mota ba ta shiga, an nufi Korle Bu ko asibitin sojoji na 37. In rai ya yi halinsa, waɗanda suka yi maganar farko su ne kuma za su ce a zaman makoki: "Ai dama mun faɗa, asibiti ba su iya masa ba."

Da wannan magana nake faɗa, 'yan'uwa, kuma kada wani ya yi gaggawar ɗora mini abin da ban ce ba. Ban zo in raba Musulmi da addu'a ba. Matar da ta sha rubutu da asuba sannan ta ɗauki katinta ta tafi awo asibitin Mamobi, ba ni da ja da ita. Uban da ya tofa wa ɗansa addu'a a goshi kafin a shiga da shi ɗakin tiyata ya yi abin da uba ke yi. Rigimata da mai rufe ƙofa ce, kuma tambayata gare shi ɗaya: da wane ilimi ka gane cewa ciwon ba na asibiti ba ne? Kafin likita ya buɗe baki ya ambaci sunan cuta, sai ya auna jini, ya duba fitsari, ya ɗauki hoton ƙirji ko na kai, kuma duk da haka yakan yi kuskure. Kai me ka auna? Kafin mutum ya ce asibiti ba su da maganin abu, wajibi ne ya san duk abin da asibiti suka sani, sannan ya tabbatar wannan ba ya ciki. Babu likita ɗaya a Ankara da zai yi wannan iƙirari a kan dukan fannonin aikinsa, amma ga wanda bai taɓa riƙe abin awon jini ba yana yin sa tsakanin la'asar da magariba, a kyauta, ko a kan sidi ɗari biyar.

Mu ɗauki farfaɗiya, domin a nan maganar ta fi yin ɓarna. Yaro ya yanke jiki ya faɗi, idanu sun kakkafe, kumfa na fita daga baki, gaɓoɓi na karkarwa. Duk wanda ya gani zai tsorata, kuma ba abin mamaki ba ne da mutanen da suka ce iska ce ta buge shi. Amma yau an san abin da ke faruwa: ƙwaƙwalwa tana aiki ne da wasu 'yan saƙonni masu kama da wutar lantarki, to idan suka rikice suka ɓarke lokaci ɗaya, jiki ya bi su. Sanadin kan zama wahalar da jariri ya sha wajen haihuwa, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko sanƙarau, ko buguwa a haɗarin babur. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan bakwai cikin goma na masu farfaɗiya za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba in sun sami maganin da ya dace kuma suna sha kullum. Kullum ɗin nan ita ce sharaɗi. Wanda ya saba da ƙwayar sannan aka sa shi ya yanke ta rana ɗaya, don wai "ba a haɗa ta da aikin malam", zai iya faɗawa cikin jijjigar da ba ta tsayawa, wadda ke ƙona ƙwaƙwalwa ko ta kashe. Ga kuma abin da muke ƙara wa yaron da hannunmu: a tura masa cokali a baki haƙora su karye, a turara masa barkono, a guje shi don kada yawunsa ya taɓa mutum, alhali farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu ko ta kowace hanya. A cire shi daga makaranta. In mace ce, a ɓoye ta a ƙuryar ɗaki, a yi ta kwana da fargabar ranar da dangin mai neman aurenta za su ji.

Masu rufe ƙofa sukan fake da addini, saboda haka bari mu same su a can. A cikin ingantattun hadisai akwai labarin wata mata mai farfaɗiya da ta zo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana neman addu'a. Ya ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da sakamakonsa da kuma addu'ar waraka, ta zaɓi haƙuri, ta roƙi a yi mata addu'ar kada tsiraicinta ya riƙa bayyana idan ta faɗi, ya kuwa yi mata. A duba labarin nan da kyau. Ba a doke ta ba, ba a ɗaure ta ba, ba a nemi rago a wurinta ba, kuma abin da aka kiyaye mata shi ne suturarta. A kwatanta da bidiyon da ke yawo a wayoyinmu yau, inda ake nuna budurwa tana birgima a ƙasa, ɗankwali ya faɗi, mai ruƙya na daka mata tsawa, yaronsa kuma na riƙe da waya yana ɗauka don a sa a TikTok a samu kasuwa. Shi kansa Ibnul Ƙayyim, wanda littafinsa na maganin Annabi ke kan teburin kowane mai ruƙya, ya raba farfaɗiya gida biyu, ya yarda akwai wadda asalinta daga jiki ne, wadda likitoci ke magana a kanta. Malamin da ya rasu tun 1350 ya bar wa likita ƙofa a buɗe, almajirin da ya karanta rabin littafinsa ne ke kulle ta.

Haka kuma Abu Dawuda ya ruwaito cewa da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi ciwon ƙirji, Manzo ya ɗora masa hannu, sannan ya tura shi wurin Harisu ɗan Kalada, mutumin Saƙif da aka sani da aikin likita. Wanda addu'arsa ba ta faɗuwa ƙasa ya tura sahabinsa wurin mai sana'ar. Akwai kuma hadisin da ya ɗora lamuni a kan duk wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin ba, malaman fiƙihu kuwa sun gina hukunci a kansa. Wannan babi ne da ban taɓa jin an karanta shi da lasifika a kasuwar Nima ba. Magabatanmu na kusa ma ba su ɗauki magani abin wasa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta littattafai a kan cututtuka da magungunansu yana dogaro da abin da likitocin Musulunci suka bari, domin a wurinsa sanin jiki reshe ne na ilimi, ana koyonsa kamar yadda ake koyon nahawu.

Ga wata hujja da ke cikin bakinmu kullum ba mu lura ba. Me muke kiran cutar da ke shanye ƙafar yaro? Shan-inna. Sunan kansa hukunci ne: Inna, uwar iskokin bori, ita ta sha ƙafar. Shekaru aru-aru ana kai irin waɗannan yara wurin 'yan bori ana yanka, ƙafa ba ta dawo ba. Sai aka zo da ɗigon rigakafi a baki. Nijeriya ta ga mai ɗauke da ƙwayar cutar ta asali na ƙarshe a Borno a 2016, a watan Agusta na 2020 kuma aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ita. To ina Inna ta tafi? Ta tuba ne, ko ɗigo biyu take tsoro? Abin da kakanninmu suka rantse ba ciwon asibiti ba ne, ya zama ciwon da asibiti ya kori ƙwayarsa ta asali daga nahiya. Wanda ya ga wannan da idonsa ya kamata harshensa ya yi nauyi kafin ya sake yanke hukunci a kan shanyewar ɓarin jiki, wadda hawan jini ke kawowa kuma kowace sa'a ta jinkiri ke ƙara mata ɓarna, ko a kan jijjigar mai ciki, wadda allura ke tsayarwa a ɗakin haihuwa, ko a kan kullutun nono da ake shafa wa mai ana kiransa jifa har ya fashe.

Dole a rarrabe tsakanin masu magani, don ba ɗaya suke ba. Malamin zaure da ke rubuta wa maƙwabci aya ya karɓi sadakar da ta sawwaƙa, daban. Wanzami da maɗori masu gadon sana'a, daban, ko da yake maɗorin da ya matse hannun yaro da karare har jini ya daina gudu ya sa an yanke hannaye da dama da ba su cancanci yankewa ba, kuma karayar da ƙashi ya huda fata ba tasa ba ce. Sai kuma 'yan kasuwa: mai lasifika a bakin tasha, mai wa'azin kwalba a cikin trotro, mai sayen lokaci a rediyo da talabijin cikin dare. Kwalba ɗaya, wai tana maganin basir da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa da sammu. Dokar lafiyar jama'a ta ƙasar nan ta 2012 ta hana tallar maganin cututtuka irin su daji da suga da hawan jini ga jama'a, dokar 2000 kuma ta wajabta wa masu maganin gargajiya rajista. Kowa ya san yadda ake bin su. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wankin ƙoda ya ga kuɗin da ake zubawa kowane mako, zai fahimci dalilin da ya sa likitoci ke tambayar me mutum ya daɗe yana sha daga kwalbar da ba ta da suna.

Kada kuma a ce gwamnati ko likitoci sun ƙi maganin itace. Tun 1975 aka kafa cibiyar binciken magungunan tsirrai a Mampong ta Akuapem, bisa ƙoƙarin Dakta Oku Ampofo, likitan asibiti da ya zauna ya koya daga masu saiwa da ganye. Daga can aka fitar da Nibima don zazzaɓin cizon sauro. Jami'ar Kwame Nkrumah da ke Kumasi ta fara ba da digiri a fannin a 2001, yanzu kuma akwai sashen maganin gargajiya a cikin asibitocin gwamnati da dama. Maganin zazzaɓin da ake ba mu yau a kowane asibiti ma daga wani ganye na ƙasar Sin aka ciro shi, matar da ta jagoranci aikin, Tu Youyou, ta karɓi kyautar Nobel a 2015. Ƙofa a buɗe take ga duk wanda ya yarda a gwada maganinsa. Wanda ya ƙi gwaji ya ce sirri ne, shi ya san abin da yake ɓoyewa.

Mafi muni shi ne abin da ake yi wa mai taɓin hankali. Mun iya nuna yatsa ga sansanonin addu'a na maƙwabtanmu Kirista, inda ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoto a 2012 cewa ana ɗaure mutane da sarƙa a jikin itatuwa ana tilasta musu azumi. To mu fa? Kalmar "gidan mari" ba daga Turanci aka aro ta ba. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum wajen 300, manya da yara, da yawa da mari a ƙafa da tabon bulala a baya, wata guda bayan haka aka sake buɗe wani a Daura. Iyaye ne suka kai su da kansu, suna biyan kuɗi, da sunan gyara. A nan Gana dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta ba mai taɓin hankali haƙƙinsa, a 2017 kuma hukumar da ke kula da fannin ta ayyana haramcin ɗauri. Amma dokar ba ta shiga ɗakin da ke bayan gida, inda aka kulle wani saurayi shekara biyu don kada unguwa ta sani, alhali asibitin masu taɓin hankali na Ankara yana nan tun 1906, tafiyar 'yan mintoci daga Nima, Pantang kuma tun 1975.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutanenmu ba wawaye ba ne, kuma ba haka kawai suke gudun asibiti ba. Tsohuwar da Hausa kaɗai take ji, ko Zabarmanci ko Kotokoli, ta yi sammako ta bi layi har azahar, ta shiga ɗaki a yi mata magana da Turanci ko Tuwi cikin minti uku, a miƙa mata takardar da ba za ta iya karantawa ba. In ta yi kuskuren cewa ta sha rubutu, a yi mata tsawa a gaban jama'a kamar ƙaramar yarinya. Malam kuwa zai shimfiɗa mata buzu, ya kira ta Hajiya, ya tambayi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, ya saurare ta har ta gama, in ba ta da kuɗi ya ce ta kawo in ta samu. Ya kuma amsa mata tambayar da likita ba ya amsawa: me ya sa ni, me ya sa yanzu? Inshorar lafiya da aka kawo a 2003 ta rage zafin zamanin "biya kafin a taɓa ka", amma har yau ana rubuta wa mai kati magani a ce ya je waje ya saya. A 2018 ƙasar nan duka ta girgiza da labarin dattijo mai shekara 70 da ya cika a cikin mota bayan asibitoci bakwai na Ankara sun ce ba gado. Waɗanda ke da dangi a Kano kuwa ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara wajen 200 ana tsakiyar annobar sanƙarau, 11 suka mutu, aka yi ta shari'a har aka sasanta a 2009. Ƙin rigakafin shan-inna da aka yi a Kano daga 2003 zuwa 2004 daga wannan rauni ya sha ruwa. Kuma da aka zo gyara, ba da dariyar 'yan boko aka gyara ba, sai da sarakuna da malamai suka shiga gaba suka ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a.

Saboda haka ɗan bokonmu da ke taɓe baki yana cewa duk jahilci ne, a kori malamai a huta, shi ma yana taya mai rufe ƙofa aiki bai sani ba. Abin da tsawa ke haifarwa shi ne ɓoyo. Majinyaci ya koyi yi wa likita ƙarya a kan abin da yake sha a gida, ya kuma yi wa malam ƙarya a kan ƙwayar da ke aljihunsa, alhali ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutum biyu na aiki a jiki ɗaya, kowanne bai san da ɗayan ba.

Wasu mutane a can nesa sun riga mu shan wannan ɗaci. Ƙabilar Hmong mazauna duwatsu ne a kudancin Sin da Laos da Biyetnam. Sun taya Amurka yaƙi a Laos, da aka ci su a 1975 dubbai suka yi hijira, da yawa suka zauna a wani gari mai suna Merced a jihar Kalifoniya, tsiraru masu harshensu a tsakiyar masu wani harshe, kamar dai mu a nan. Suna da bokayensu masu shiga duniyar iskoki su nemo kurwar da ta ɓata, aikin da ya fi kama da na 'yan borinmu masu girka, ko na 'yan Hauka da Jean Rouch ya ɗauka a fim a nan Ankara a tsakiyar shekarun 1950. Sunan da suke kiran farfaɗiya ma ma'anarsa iska ta kama ka ka faɗi. A 1982 aka haifi wata yarinya a cikinsu, ta fara faɗuwa tana wata uku. Iyayenta suka ce ƙarar ƙofar da yayarta ta buga ce ta firgita kurwarta ta gudu. Likitoci suka rubuta magani, suka yi ta canja shi fiye da sau ashirin, iyayen kuwa ba su iya karatu ba, ba su jin Turanci, sau da yawa kuma ba tafinta. Likitoci suka ce iyayen masu taurin kai ne, har kotu ta ƙwace yarinyar na kusan shekara guda. Iyayen suka ce maganin ne ke kashe musu 'ya. A ƙarshen 1986, tana shekara huɗu, ta yi faɗuwar da ta tafi da ƙwaƙwalwarta, ta rayu shekara 26 ba ta magana ba ta motsi, danginta na yi mata wanka suna ba ta abinci, har ta rasu a 2012. Anne Fadiman ta rubuta littafi a kanta a 1997, wanda yanzu ake karantar da ɗaliban likitanci da shi. Ba mugu ko ɗaya a labarin. Kowa na son yarinyar, kuma ba wanda ya ji abin da ɗayan ke faɗa.

Abin da ya biyo baya shi ya fi shafarmu. Asibitin garin ya fara gayyato bokayen Hmong ana zagayawa da su ɗakin tiyata, suna leƙa madubin ganin ƙwayoyin cuta, ana nuna musu alamomin da ba sa jiran gobe. A 2009 ya fitar da ƙa'ida a rubuce: boka zai shiga wurin majinyaci da katin shaida a wuya kamar yadda fada ko limami ke shiga, an kuma ƙayyade ayyuka tara da zai iya yi a gefen gado, irin su kiran kurwa da murya ƙasa-ƙasa. Likitocin ba su fara yarda da iskoki ba, bokayen ma ba su bar aƙidarsu ba. An dai daina ɓoyo, kuma wanda iyali suka fi amincewa da shi ya zama mai cewa a tafi asibiti.

Ba ma sai mun je Amurka ba. Tun 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya zaunar da masu taɓin hankali da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, yana aiki tare da masu maganin gargajiya. A 2020 kuma mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon wani gwaji da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, a kan majinyata 307 da ke kwance a wurin masu maganin gargajiya da masu addu'a. A wasu wuraren aka haɗa mai maganin da ma'aikacin lafiya da ke zuwa a kai a kai yana duba majinyaci yana ba da ƙwaya, a wasu aka bar su yadda suke. Bayan wata shida waɗanda aka yi wa aikin haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi ƙwarai. A Kumasi fa, inda rabinmu ke da dangi. Amma akwai gargaɗi daga Mamfe, inda Farfesa Angela Ofori-Atta da abokan aikinta suka kai magani wani sansanin addu'a: majinyata sun sami sauƙi, kwanakin da suke yi a sarƙa kuwa ba su ragu ba. Ƙwaya ba ta kwance mari da kanta. Haɗin gwiwar da ba ta da sharaɗi ado ce kawai ga mai ɗauri, kuma sharaɗin farko shi ne a ajiye sarƙa da bulala, wanda ya ƙi a haɗa shi da hukuma ko da limamin unguwa ne.

Na san wasu malamanmu za su ce zama da 'yan bori da bokaye ba ya halatta. Ba wanda ya ce su yi sallah a bayansu. Muhawarar aƙida tsakanin malam da ɗan bori ta girmi Nima, tun zamanin da Nana Asma'u ke tura jajis ƙauyuka don janye mata daga bori ake yinta, za a kuma ci gaba. Yaron da ke jijjiga a tabarma ba zai iya jiran a kammala ta ba. Duk wanda mutane ke kai wa majinyaci, ko mun yarda da hanyarsa ko ba mu yarda ba, gara ya san cewa wuyan da ya sanƙare da zazzaɓi, da bakin da ya karkace farat ɗaya, da mai cikin da ƙafafunta suka kumbura kanta na sarawa, da jaririn da idonsa ya yi ɗorawa, ba a kwana da su.

Abin da nake nema bai fi ƙarfinmu ba. Muna da ofishin Babban Limamin ƙasa, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, wanda maganarsa ke shiga inda ta minista ba ta shiga. Muna da sarakunan Zango, muna da 'ya'yanmu likitoci da nas-nas da suka tashi a lungunan nan suna jin Hausa kamar kowa. A zaunar da malamai masu ba da taimako a asibitin Mamobi, a zagaya da su kamar yadda aka yi a Merced, a ba wanda ya yarda da sharuɗɗa shaida, a sanar da sunansa a masallaci don jama'a su bambanta shi da mai lasifika. Kafin azumi limamai su faɗa a kan mumbari cewa dattijo mai allurar suga da likita ya hana shi azumi yana da rangwame a shari'a, domin Alhaji ba zai sha ruwa da rana a kan maganar yarinyar da ya girmi ubanta ba, amma zai sha in malaminsa ya ce masa ya sha. Asibitocin da ke kewaye da Zango su ajiye tafintan Hausa, su kuma koya wa ma'aikatansu tambayar "me kike sha a gida, Hajiya?" ba tare da ɗaure fuska ba. Malam kuma in ya ga abin da ya fi ƙarfin allonsa, ya rubuta 'yar takarda ya haɗa majinyaci da almajiri su tafi tare, ya ci gaba da addu'arsa daga zaure. Takardar ma ya rubuta ta da ajami in ya ga dama. Likitan da bai iya karantawa ba ya nemi almajirin ya karanta masa, kamar yadda tsohuwa ta daɗe tana neman jikanta ya karanta mata tasa.